Ashe fuskata ce ta raba su

Sai jiya, da Baba Issaka ya zo ta'aziyyar maigidana, na gane abin da ya raba su tun ana kashe sule da kwabo.

Ina amarya a unguwar Nima, kullum bayan la'asar su biyu suke buga karta a ƙofar gidanmu. Maigidana yakan ce in wasan mutum biyu ne, fuska ake kallo, ba kati ba. Ni kuma in na kawo musu gyaɗa sai in tsaya bayan Issaka ina kallo. Wata rana ya watsar da katin ya tafi, bai ƙara taka gidan ba.

Jiya na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Hajiya, ai ba ni yake kallo ba, ke yake kallo. Katina na yin kyau sai ki ɓata rai. Na ɗauka baki kuka haɗa."

Na ce, "Wallahi, Baba, ban san ina yi ba!"

Sai ya ce, "To me ya hana shi gaya mini?"

Jama'a, me zan ce wa tsohon nan? Mai amsar ya tafi, kuma ba su yafi juna ba.