Kuɗin Kwana a Gidan Lado Fatoma

Lado bai taɓa shiga motar safa ta birni ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Amma ya biya kuɗinta fiye da da yawa daga cikin waɗanda suka yi ta hawa suna miƙe ƙafa, kuma ni ne mai zuwa karɓa. Sunana Rufa'i, a lokacin ni ne malamin haraji a Maigatari.

Fatoma ne, kamar ubansa. Idan fatake suka tsallako daga Damagaram da raƙuma da shanu da kanwa, a gidansa suke sauka ran Laraba, su kwana, ran Alhamis ya shiga kasuwa ya tsaya musu a ciniki. Abin da yake samu la'ada ce kawai, in an sayar. Kwana da tuwo da ruwan alwala kuwa ko maganarsu ba a yi. Dogon mutum ne, marar yawan magana, mai irin taurin kan nan da ba ya ɗaga murya. Ɗaki shida ne a bayan zaurensa, matarsa Laure kuma duk Laraba tukunya uku take ɗorawa.

Cikin baƙinsa akwai Gudaji mai raƙuma, wanda ubansa ma a wajen uban Lado yake sauka. Sama da shekara talatin bai kwana a wani gida a garin ba sai nan. Ko a shekarun fari, da dabbobinsa suka ƙare ba abin da zai kai kasuwa, ya zo ya yi wata huɗu a gidan, ba wanda ya tambaye shi ranar tafiya.

A 1977 takarda ta zo mana daga sama. An ce ana aikin sayo manyan motocin safa da gina musu tasha a babban birnin jiha, kuɗin da aka ware sun ƙare, aikin ko rabi bai kai ba. Don haka duk faɗin jiha, kowane baƙo da ya kwana a masauki zai biya sule biyu, mai masauki ya karɓa ya ba hukuma. Wanda ya ƙi, a rufe masaukinsa. Na tabbata wanda ya rubuta ta Bature ya hango, mai rataye da kyamara, yana shan lemo a otal. Ko a mafarki bai taɓa ganin Gudaji ba.

Na karanta wa Lado a zaurensa. Ya saurara har ƙarshe.

"Wato in miƙa wa baƙona hannu, in ce kawo kuɗin kwana?"

"Ba naka ba ne, Baba. Na gwamnati ne."

"Hannun wa zai gani?"

Ya ce in riƙa zuwa ran Juma'a da safe, bayan kowa ya watse, kuma kada in kuskura baƙo ɗaya ya ji. Daga aljihunsa ya riƙa biya. Sauran fatomomi tuni suka ɗora wa baƙinsu, ana ta gunaguni amma ana biya. Da labari ya bazu cewa gidan Lado ba a karɓar komai, sai baƙin waɗansu ma suka fara kwararowa can, har zaure ya daina ɗaukarsu.

Bayan wata biyar aka mai da shi sule biyar, wai farashin ƙarfe ya tashi. Lado ya sayar da tumakin Laure. Da damina ta kusa aka mai da shi naira guda. Wata Juma'a na je, sai na ga turken bijiminsa na huɗa ba komai. Mutumin da zai shiga gona bayan mako uku! Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa wannan ba mutunci ba ne, kashe kai ne. Ya miƙo mini kuɗin ya ce in gai da gida.

Ni kuma maigidana na ofis a Gumel ya matsa mini: in Lado ya gaza mako ɗaya, in sa wa ɗakunan kwaɗo. Na kwana biyu ina juya abin. Sai na yi dabara irin ta ɗan boko. Na ce a raina Gudaji mai hali ne yanzu, naira guda ba komai ba ce gare shi, in ya sani zai biya, sauran su bi. Ran Alhamis na ja shi gefe a kasuwar raƙuma na faɗa masa duka, har da bijimin.

Nan take na ga fuskarsa ta sauya.

Na ɗauka ni zai ba kuɗin a ɓoye. A'a. Da la'asar ya nufi gidan, ni ina biye da shi ina roƙonsa. Lado na zaune a zaure da baƙi kusan goma. Gudaji ya tsuguna ya ajiye ƙullin kuɗi a gabansa.

"Maigida, ga wannan. Ka mai da bijiminka."

Lado ya dubi ƙullin, ya ɗago ya dube ni. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Gudaji, yau kuma biyana za ka yi?"

"Ba biya ba ne. Wata nawa ina cin tuwonka, ashe gonarka nake ci."

"Ɗauke abinka."

"Ba na ɗauka."

"To ni ma hannuna ba zai taɓa shi ba."

Haka suka zauna, tsofaffi biyu, kowa na jin kunyar ɗan'uwansa, ba mai iya ja da baya. Daga ƙarshe wani dattijo cikin baƙin ya ɗauki ƙullin ya cusa wa Gudaji a aljihu, aka tashi ba wanda ya kalli wani.

Laraba ta zagayo. Laure ta ɗora tukwanenta, Lado ya sa aka share ɗakuna. Na je tun azahar, don hankalina ya ƙi kwanciya. Sai wajen la'asar Gudaji ya iso, a ƙasa, ba raƙumi ko ɗaya. Ya yi sallama ya tsaya a bakin zaure, bai cire takalmi ba. Ya ce ya bar kayansa da mutanensa a tsallaken iyaka, kusa da 'yan duwan, wato kwastan na ƙetare, can za su riƙa kwana a fili, su shigo kasuwa da safe su fita kafin magariba. Wanda bai kwana ba, ai ba a bin mai gida komai. Sauran baƙin ma duk sun yarda da haka.

"Ciniki dai kai ne za ka tsaya mana, kamar kullum," in ji shi.

"Shigo ka sha ruwa," in ji Lado.

"In na shigo ba zan iya fita ba, maigida."

Ya juya ya tafi. Lado ya daɗe yana kallon hanya. Daga cikin gida Laure ta aiko a tambaya ko a fara kwashe tuwo. Lado ya juyo gare ni.

"Malam Rufa'i, ba sai ka wahalar da kanka ran Juma'a ba. Rubuta musu, gidan Lado ba baƙo."

Ni kuwa na zaro alƙalamina na rubuta.