Sikirin ɗin da Baba Ƙarami Ya Zaɓo a Bawku

A hutun damina na shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, wata ranar kasuwar Bawku, ina tsaye a wani shago mai warin roba, a bayan ƙanin mahaifina wanda muke kira Baba Ƙarami. Daga Salaga muka taso a motar doya, ni don in gaida dangin mahaifiyata, shi kuma don ya sayi sikirin, wato gilashin da kwamfuta ke nuna aiki a kai, domin nasa ya ƙone, kuma an ce kayan da ke shigowa ta iyakar Togo sun fi kyau a can. Zanen gini ne sana'arsa. A Tamale ya koyo, kuma tun da ya dawo ya daina zama a tabarma. Mai shago ya ajiye masa wani ƙarami marar ƙyalli, irin wanda ya ƙone, da wani faffaɗa mai sheƙi da har mutum yana ganin haƙoransa a ciki. Aka kunna wasan ƙwallo a kan faffaɗan. Baba Ƙarami, mai cin abinci da layi da da'ira, bai nemi a nuna masa layi ko da'ira ba. Ya zagaya abin, ya shafa bayansa, ya ɗaga ya ji nauyi kamar mai zaɓen ragon layya, sannan ya ce, "Wannan in ya shiga Salaga sai an zo kallo."

An kuwa zo kallo. Gidanmu gidan gado ne na jikokin fataken goro, mai zaure babba inda mahaifina, Malam, yake koyar da Alƙur'ani yana kuma rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami. Da asuba mukan ɗebo ruwa a tsofaffin rijiyoyin bayan unguwa, mu saki tumaki, mu sha koko a tsaye, mu ruga makarantar boko. Da yamma sai kaftun kunyar doya ko ɗebo itace, in an sami sarari a buga langa a ƙofar gida har Malam ya yi gyaran murya. Amma tun da sikirin ya iso, yara suka bar langa suka koma leƙen tagar Baba Ƙarami, shi kuwa yana korar su da tsintsiya alhali ya bar labulen a ɗage. Malam bai taɓa taka ɗakin ba. In an yi zancen abin sai ya ce, "Madubin da ba ya nuna wa mai shi fuskarsa," ya ci gaba da feƙe alƙalami.

Ni a lokacin abu ɗaya ne a raina, allon saukata. Al'adarmu ce in yaro ya sauke Alƙur'ani a yi wa allonsa zayyana, ado na da'irori da taurari da tawada ja da rawaya da baƙa, ya riƙe shi ranar walima a gaban malamai. Malam ne ke yi wa duk yaran unguwa, ni ina dama masa tawada ina kwaikwayo a ƙasa da tsinke, har wata rana ya dubi abin da na zana ya ce nawa allon ni zan yi da hannuna. Bai taɓa ba wani ɗalibi wannan izinin ba. Ya ma ɗauko allon, sabo fil, ya rataye a saman inda yake zama, nakan ɗaga kai in dube shi ina tsakiyar hadda.

A daminar nan aka sake gina masallacin unguwarmu, aka ba Baba Ƙarami zanen tagogin ƙarfe. Ya zana su a kwamfuta, da'ira a tsakiya da tauraro a cikinta, kyakkyawa ƙwarai, ba zan hana shi wannan ba. Sai dai wurin buga zane a takarda yana Tamale, hanya kuma ta lalace da ruwa, dattawa suna matsa masa. Sai ya tuno da ni. Ya sa na manna siririyar takarda a fuskar sikirin na bi layukan da fensir, kamar yadda muke kwafe zayyana, sannan na faɗaɗa zanen gida-gida a kan takardar buhun siminti har tsayinsa ya kai tsayin taga. Da na ce masa da'irar ta yi mini kama da ƙwan zabo, sai ya ce kwamfuta ba ta ƙarya, ɗan allo ya kama bakinsa. Na kama. Mai walda ya shimfiɗa takardata a ƙasa ya lanƙwasa ƙarfensa a kanta.

Bayan sallar Juma'a aka kawo tagogin a kura, jama'a a cike. Aka ɗaga ta farko, tsayi ya yi daidai, faɗi kuwa ya wuce ramin da kusan tafin hannu a kowane gefe. Haka sauran. Taurarin sun baje kamar an taka su. Wani dattijo ya tambaya ko masallacin kaji aka yi odar, mutane suka yi dariyar da ba ta da daɗi. Baba Ƙarami bai ko yi jim ba. Ya nuna ni da baki ya ce zanensa lafiya lau yake a cikin na'ura, yaron Malam ne ya kwafa, kuma daman hannun da ya saba da gawayi ba a ba shi aikin injiniya. Na dubi mahaifina ina jiran ya ce wani abu. Ya naɗe carbinsa, ya ba jama'a haƙuri, ya wuce gida.

Washegari bayan karatu ya sauko da allon daga bango a gaban ɗalibai ya miƙa wa wani babban almajirinsa. "Hannun da ya karkatar da tagar masallaci ba zai taɓa allon sauka ba," in ji shi. Ranar walima na riƙe allon da wani ya zana, da'irorinsa duk a kumbure, Baba Ƙarami yana gaba-gaba da babbar riga yana raba goro. Bayan Sallah aka tura ni Yendi wurin wani malami, wai in ƙaro ilimi. Na san kawar da ni aka yi daga idon unguwa.

Sai da na girma na shiga makarantar koyon zanen gini na gane abin da ya faru. Tsohuwar kwamfutarsa ba ta iya cika faffaɗan sikirin da hoton da ya dace da shi, sai ta ja hoton ta gefe da gefe, duk da'ira ta zama ƙwai. Na tafi Salaga da zumuɗi, amma Malam ya riga ya kwanta ciwon da bai tashi ba, sai na faɗa wa Inna, mahaifiyata. Ba ta daina tsince shinkafarta ba. Ta ce ai Malam ya sani tun a makon. Ya shiga ɗakin ƙaninsa da ba kowa, ya ɗora murfin gwangwanin madara a kan da'irar, ya ga gefe biyu sun leƙo. Amma babba ba ya faɗuwa a gaban jama'a in akwai yaron da zai ɗauka, kuma sana'ar Baba Ƙarami ce ke ciyar da ɗaki guda na gidan. Na tambaye ta ko Baba Ƙarami ya san Malam ya gano. Ta ce ya sani.

Yau a Yendi nake zanen gini. In zan sayi sikirin ba na duban girma ko sheƙi. Nakan sa a buɗe mini da'ira a kan kwamfutar da zan yi aiki da ita, in auna tsaye da kwance, in duba siririn layi ko yana rawa. Yaran da nake koya wa aiki ba sa kwafe komai da fensir, kuma in zane ya ɓaci sunana ne a ƙasansa. Baba Ƙarami yana raye, ya tsufa, duk Sallah nakan durƙusa in gaishe shi, ya kira ni injiniya, bai taɓa tayar da maganar tagogin ba. Mahaifina kam, na yafe masa a bakin kabarinsa, domin ina kewar zauren nan da ƙamshin tawadarsa. Shi kuwa Baba Ƙarami, kullum ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafe masa. Har yanzu ba a amsa ba.