Dubiyar Giwan Ruwa

Duk wanda ya taɓa kai aikin katin biki ko kalanda shagon Musaddiq da ke unguwar Badariya a Birnin Kebbi ya san ba mutumin da ake cin ribar hira da shi ba ne. Ka yi sallama ya amsa, ka faɗi abin da kake so ya gyaɗa kai, ka dawo jibi ka tarar da aikinka tsaf. Masu gajen haƙuri suna cewa girman kai ne. Ba su fahimce shi ba, kuma ba su taɓa tsayawa su fahimta ba. In'ina gare shi, irin mai riƙe kalma a maƙogwaro har jijiyar wuya ta miƙe. Tun yana yaro a Gulma ya lura mutane ba sa jira ya kai ƙarshen zance, su ne ke ƙarasa masa, sau da yawa da abin da bai nufa ba. Sai ya bar musu maganar gaba ɗaya.

Mahaifinsa ya so ya gaje shi a noman shinkafa, amma hannun Musaddiq na zane ne, ba na fartanya ba. Ya zo Birnin Kebbi karatu, karatun bai yi nisa ba, ya maƙale a shagon intanet na wani Bayarabe mai suna Wale, a zamanin da ake sayen awa a zauna gaban kwamfuta. A can ya koyi sana'arsa, a can kuma ya kamu da son wani wasan ƙwallon ƙafa na kwamfuta. Kamfanin da ya ƙera wasan ya daɗe da watsar da shi, amma masoyansa suka ƙi. Suka buɗe dandali a intanet, kowace shekara su sabunta 'yan wasa da riguna da filaye da hannunsu, ba wanda ke biyan su ko sisi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Dandalin yana da doka tun wata shekarar zaɓe da aka yi zage-zage har da barazana: ba siyasa, ba sunan gaskiya, ba lambar waya a fili. Kowa da sunan da ya laƙaba wa kansa. Musaddiq ya zama Alƙalami, mai zana riguna. Kuma abin mamaki, Alƙalami surutu gare shi! Ya yi barkwanci, ya ja musu, ya sasanta masu faɗa, in sabon shiga ya yi tambayar wauta ya zauna ya yi masa bayani dalla-dalla. A rubuce ba wanda ke katse shi.

A nan ya gamu da Giwan Ruwa, mai gina filayen wasa. Farkon haɗuwarsu ma da tsiya aka fara, don Musaddiq ya saka wata riga da ya kwana biyu yana ƙawatawa, mutumin ya rubuta a ƙasa cewa ta yi kyau, saura ɗankwali a tafi biki. Musaddiq ya ji haushi, ya sake duban rigar, ya ga gaskiya ne, ya yi dariya shi kaɗai a shago. Daga ranar suka ƙulle. Shekara goma da ɗoriya, da wuya rana ta fito ta faɗi ba su yi magana ta akwatin saƙon dandalin ba. Musaddiq ya san mutumin Argungu ne. Ya san ba ya cin albasa ɗanya, ya san yana da 'ya mai ja masa waya in yana aiki, ya san in ransa ya ɓaci gajerun saƙonni yake turowa. Ranar da mahaifin Musaddiq ya rasu, a cikin duk masu ta'aziyya Giwan Ruwa kaɗai ya iya gaya wa cewa tsohon ya tafi bai taɓa cewa zanensa ya yi kyau ba.

Amma bai san sunansa ba, bai san fuskarsa ba. Ba don Giwan Ruwa bai nema ba. Ya sha rubuto masa, "Ka zaka Argungu ka ci kihi mana, ko ka ba ni lamba in kira ka." Tsakanin garuruwan nan biyu tafiyar ba ta kai a ce an yi tafiya ba. Musaddiq ne ke zillewa, ya ce aiki ya yi yawa, ya ce ai kullum suna tare, me ya rage? Gaskiyar ita ce tsoro yake ji. Mutum ɗaya tak a duniya ya san shi a matsayin mai zance, ba ya son ya kira shi ya ji yana kokawa da sallama. Matarsa Ummu Hani, wadda ta iya jiransa ya gama magana, takan ce, "Zumunta a ƙafa take, Malam." Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da latse-latsensa.

A damanar bana Giwan Ruwa ya fara ɗaukewa kwana biyu-biyu. Sai wata Talata ya rubuto cewa wani ƙari aka gano a cikinsa, jibi za a yi masa aiki, in ya farfaɗo zai leƙo ya ba da labari. Ya ƙara da cewa kada Alƙalami ya kuskura ya taɓa masa filin da bai gama ba. Musaddiq ya amsa da addu'a da 'yar zolaya. Ya rubuta lambar wayarsa a ƙasa, ya daɗe yana kallonta, ya goge.

Ranar Juma'a da safe ya buɗe shago, ya kunna kwamfuta, ya shiga dandali. Babu dandali. Farin shafi ne da layi biyu: mai shafin ya ce ba zai iya ci gaba ba, ya rufe, ya gode da shekarun da aka yi tare. Ba gargaɗi, ba adireshi, ba inda za a koma. Hotuna da riguna da filaye da akwatin saƙo, duk sun tafi a tashi ɗaya. Musaddiq ya yi ta sake latsawa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka tashi.

Ya rufe shago ya nufi wurin Wale, wanda yanzu kayan waya yake sayarwa a kasuwa. Da ƙyar ya ba shi labarin dandalin da na abokinsa. Wale ya duba, ya girgiza kai.

"Wanga kam ya tahi, ƙanena. In mai abu ya kashe abinai, ba mai tashe shi. Shi abokin naka, ba ka da lambatai?"

Musaddiq ya girgiza kai.

"Shekara goma? To mi kuka yi tun can?"

Musaddiq ya koma shago. Ya nemi tsoffin 'yan dandalin a wasu shafuka, ya sami biyu-uku suna jimamin filayensu da rigunansu, amma ba wanda ya san ko wane ne Giwan Ruwa. Shi riguna ba su dame shi ba. Abu ɗaya yake son sani, ko mutumin ya farka. Sati ya zagayo yana zaune a shago, kalamai cike da ciki, ba wanda zai gaya wa. Kaɗaici ya taɓa sani a da, amma wancan na wanda bai saba da kowa ba ne, wannan ya fi shi ciwo.

Ran Asabar Ummu Hani ta haɗa masa leda, lemu da madara da kankana, ta ce ya je ya duba abokinsa. Ya hau mota zuwa Argungu. Fadama ta yi kore shar hagu da dama, ruwa kwance a gonakin shinkafa, fasinjoji na ta musu kan farashin taki. Bai ma tabbata a Argungu aka yi aikin ba, yana iya zama Sakkwato, yana iya zama nan Birnin Kebbi bayan shagonsa.

A asibiti wata nas mai kirki ta tsaya ta saurare shi har ya kai aya.

"Mi as sunan maras lahiyar?"

Ya ce bai sani ba.

"To ɗan gidan wa na? Wace shiyya? Mi a sana'atai?"

A ƙasar nan da waɗannan ake samun mutum, ko allura ce shi. Musaddiq ya san abin da ke sa mutumin dariya da abin da ke hana shi barci, amma ba a neman mutum da su. Nas ta tausaya, ta bar shi ya shiga ɗakin maza. Ya bi gado-gado yana sannu, yana duban fuskoki, su ma suna dubansa. Kowanne zai iya zama shi. Daga ƙarshe ya ajiye ledar a gefen wani dattijo da ba kowa a wurinsa, ya fito.

Ya tsaya sallar azahar a wani masallaci na kusa. Ana idarwa aka kawo gawa, ya shiga sahu kamar kowa, ya bi har maƙabarta. Na kusa da shi ya ce masa Abdussamadu ne, ɗan gidan Malam Usmanu, magidanci, jinya ya yi, ya bar 'ya'ya ƙanana. Musaddiq ya juya sunan a ransa, sunan bai ce masa komai ba. Ya so ya tambaya ko mamacin yana wasan ƙwallo a kwamfuta, amma ina ake irin wannan tambaya a bakin kabari? Ya buɗe baki duk da haka, kalmar ta tsaya, idonsa ya kawo ruwa. Mutumin ya dafa kafaɗarsa.

"Sai haƙuri, Malam. Ashe kun saba."

Ya zuba ƙasa da hannunsa, ya yi wa mamacin addu'a da zuciya ɗaya, ko shi ne ko ba shi ba.

Da la'asar sakaliya ya iso gida. Ummu Hani na tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ga hannunsa ba leda, fuskarta ta washe, ta ɗauka ya same shi.

"Sannu da hanya. Ya mai jikin?"

Musaddiq ya tsaya yana cire takalmi, ita kuma tana jira kamar yadda ta saba.

"Da sauƙi," ya ce, don abin da ake cewa ke nan.