Waken da Inna Atu Ta Ƙi Rabawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga watan Agusta, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Inna Atu Malami a gidanta da ke Tambuwal, bayan jinyar kwana tara. Ta bar 'ya'ya biyu, Nasiruddeen da Nasiha, da jikoki, da wani ɗaki a ƙofar gida wanda mutanen unguwarmu suke kira Rumbun Taimako. Ina gona ina maimai aka kira ni a waya aka faɗa mini. Na ce to. Na ƙarasa kunyar da nake kai, na kankare fartanya, sannan na hau babur. Har yau da nake wannan rubutu ban yi kuka ba.

Inna, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararki. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi, haƙan kabarin bai ba mu wuya ba. Abin da nake iya tunawa na wannan rana shi ne takalmina ya tsinke a hanyar maƙabarta, na dawo da shi a hannu. Mutane suna ce mini "sai haƙuri, Rufa'i", saboda sun san ke aminiyar mahaifiyata Sharifa ce, kuma bayan rasuwarta a hannunki na ƙarasa girma. Ina amsa musu kamar wanda ake yi wa maganar wani.

Shekara talatin kika yi kina awo a kasuwa kafin gwiwa ta zaunar da ke gida. Da mutanen ƙauyukan wajen Kebbe suka fara shigowa gari saboda rashin zaman lafiya, wasu da jaka ɗaya, wasu da goyo kawai, dattawan unguwa suka ce a riƙa tara abinci wuri guda ana raba musu, su da zawarawa da marayun da muke da su tun da can. Ba a yi doguwar shawara a kan wanda zai riƙe ɗakin ba. Kowa ya san babu mai cutar ki a kan hatsi. Idan aka kawo buhu ba kya duba bakinsa, sai ki naɗe hannun riga ki zura hannu har gwiwar hannu, ki ɗebo na can ƙasa, ki shinshina, ki tauna ƙwaya ɗaya. Muna yi miki tsiya muna cewa hancinki ya fi na'urar asibiti. Kina cewa na'ura ba ta taɓa sayar wa mai 'ya'ya takwas tsaba ba balle ta san kunyar a dawo mata da ita.

A wurinki na koyi cewa bayarwa ma sai an iya. Shekarar farko wani bawan Allah daga Sanyinna ya aiko da dammunan gero cike da amalanke, mu maza muna ta kabbara. Ke kuwa kika tsaya kina kallon dammunan, kika ce, "Madalla. To da mi za su daka shi? Kun ga turmi wurinsu?" Babu wanda ya yi wannan tunanin a cikinmu. Matan da za a ba wa suna zaune ne a wani kango, ba turmi, ba taɓarya, ba ko faifai. Kika tara matan unguwa aka yi sussuka aka sheƙe, aka kai inji, sai da ya zama gari sannan ya fita daga hannunki. Daga ranar duk wanda ya tambaye ki me zai kawo, sai ki ce ya tuna da tukunyar da abin zai shiga. Ya kawo gari ko tsaba mai tsabta, da gishiri, da kuka, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa, da man gyaɗa ko da kwalba ɗaya ce. Ya kawo ƙuli-ƙuli da garin rogo saboda ranar da babu wuta. In ma ba shi da ko ɗaya ya kawo itace, don kin sha ganin mace da wake a kwano tana kwana da yunwa saboda babu abin dafa shi. Wata tsohuwa, Dada, takan zo da gishiri ƙulle a gefen zane, kina miƙewa tsaye ki karɓa da hannu biyu kamar yadda kike yi wa mai buhu goma.

Ba duk abin da ake kawowa ke shiga ciki ba. Akan kawo gwangwanin madara da ya kumbura, da taliyar da ta shekara a shago har ta yi gari, da gyaɗar da ta yi fumfuna. Wasu ba su sani ba, wasu sun sani. Ba ki taɓa mayar wa mutum kayansa a gaban jama'a ba. Ki karɓa, ki yi godiya, ki sa a kai ɗakin baya, wanda makullinsa ke ɗaure a haɓar zanenki. Geron da ƙwari suka fara taɓawa ki shanya shi, ki tankaɗe, mai kyau ya tafi tukunya, saura ya tafi wurin mai kiwon kaji. Da aka kawo ragowar irin masara mai jan magani, wanda wasu ke wankewa su ci, ba ki bar shi ya kwana kusa da abinci ba. Kika ajiye shi har ruwa ya sauka, kika ba mazan da aka ara wa gonaki suka shuka.

Abin da kuma ba shi da wani amfani ga mutum ko dabba, binne shi ake yi. Amma kina da ƙa'ida guda da ba kya karyawa. Ba kya binne kayan mutum ba ya nan. Za ki aika masa a ɓoye ya zo, ki nuna masa, shi zai ɗauka ya haƙa ramin da hannunsa, maganar ta mutu tsakaninku. Na taɓa tambayar ki dalilin wannan wahala. Kika ce in kika binne ke kaɗai, baɗi zai sake kawo irinsa, yana ganin an ci an ƙoshi.

Inna, yanzu zan faɗi nawa.

Bara na sami wake mai yawa. Da na ga ƙwari sun fara shiga, maimakon in nemi buhun da ake ajiya da shi, sai na ɗauko maganin feshin da ya rage mini na gona na yayyafa a buhu biyu na ɗinke. Ba ni kaɗai ke yin haka ba, kuma wannan ba uzuri ba ne. Da na kai kasuwa, masu saye suka shinshina suka wuce. Na mayar da shi gida. Matata Mardiya ta so ta ɗiba ta dafa, na hana ta. Da azumi ya kama, liman ya yi kira a taimaka wa Rumbu, sai na ce wa kaina ai an kwana biyu, ƙarfin maganin ya tafi. Ranar Juma'a bayan an sauko na kawo buhunan biyu a gaban mutane, da alamata ta shuɗin fenti a jikinsu. Liman ya ambaci sunana, aka yi mini addu'a, na sunkuyar da kai kamar mai tawali'u.

Kika zura hannu kamar kullum. Na ga lokacin da kika kai shi hanci. Wannan karon ba ki tauna ba. Kika goge hannunki a zane, kika dube ni, kika ce, "Allah shi saka, Rufa'in Sharifa." Sannan kika ce a kai ɗakin baya.

Kwana biyu bayan nan kika kira ni a waya kika ce, "In ka samu sarari ka biyo, akwai maganad da nika son mu yi." Na san maganar. Na ce ina Dogon Daji, alhali ina zaune a ƙofar gidana. Da salla na zo gaisuwa cikin ayarin mutane don kada ki same ni ni kaɗai, amma sai da kika tare ni a soro, kika rage murya kika ce, "Wanga wake naka na, ba nawa ba. Shina nan shina jiran ka. Ni ba ni gina rami ni ɗai." Na ce gobe in sha Allahu. Daga nan na canza hanyar zuwa masallaci. Wata biyar ina zagaye gidan matar da ta yi mini wanka ina yaro. Ko da kika kwanta ciwo sau ɗaya na zo, na tsaya a bakin ƙofa, kina barci, kuma na ji daɗin samun ki kina barci. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini nauyi a cikin duk abin da na rubuta nan.

A tsawon watannin nan ba ki faɗa wa kowa ba. Ko Nasiruddeen da ke gida ɗaya da ke bai sani ba. Kika bar mini mutuncina a hannuna, kina jira in zo in gyara abina.

Ranar uku muna zaune a tabarmi a ƙofar gida, maza sun cika har bakin titi, liman yana tsakiya. Mata sun ɗora tukwane a gidan maƙwabta za a yi shinkafa da wake na sadaka, wanda za a kai wa masu zaman makoki da kuma mutanen kango, waɗanda tun ranar Talata suke zuwa suna kukanki. Wake ya kasa. Nasiha, da yake aure ya kai ta Dogon Daji ba ta san ƙa'idar ɗakunan ba, ta ɗauko makullin da aka kwance daga zanenki ta buɗe ɗakin baya, ta ga buhu biyu cike. Ta yi zaton ajiyarki ce. Ina zaune sai ga Nasiruddeen da maƙwabcinku Ɗangiwa sun fito da buhu ɗaya a tsakaninsu, suna ratsa mutane. Na ga shuɗin fentin.

Ba zan yi ƙarya in ce zumbur na miƙe ba. Na zauna ina kallon su har suka kusa shiga gidan da ake girkin. A cikin wannan ɗan lokaci na ce wa kaina yanzu watanni sun yi nisa, za a wanke, za a tafasa, watakila babu abin da zai faru. Na kuma tuna cewa mutum ɗaya tak da ta san sirrin buhun a duniya mun rufe ta da ƙasa shekaranjiya. Ban ji tsoro ba, ban ji tausayi ba, ban ji komai ba. Hannunki kawai na gani kina goge shi a zane ba tare da kin tauna ba. Sai na ji muryata tana fita.

Na ce, "Nasiru, ku aje buhun ga. Kak ku dafa shi."

Suka tsaya. Ɗangiwa ya ce, "Lafiya? Ba ajiyar Inna ta ba?"

Na ce, "Nawa na. Ni niz zuba mishi maganin feshi, nik kawo shi sadaka da azumi. Ta sani, shi as sa ba ta raba ba. Ni taka jira in zo in gina rami."

Liman ya dube ni, ya mayar da idonsa kan carbinsa. Babu wanda ya zage ni, da ma an zage nin da ya fi mini sauƙi. Nasiruddeen ya sauke buhun a hankali ya jingina shi da bango, ya shiga ya fito da ɗayan. Wani ya tashi ya je gidansa ya kawo wake mai kyau, aka ci gaba da girki.

Da la'asar na ɗora su a amalanke na kai gonata, can nesa da rijiya da hanyar dabbobi. Nasiruddeen ya ce zai taya ni, na ce a'a, ƙa'idarki ba haka take ba. Na haƙa har ya kai mini ƙugu, na farke buhunan na juye, na mayar da ƙasa na tattaka. Rami na biyu ke nan da na sa hannu a cikinsa a mako guda. Inna, na zo, amma na makara da wata biyar da kwana uku.

An buɗe Rumbu ranar Juma'ar da ta wuce. Nasiha ta ce za ta zauna har a yi arba'in, kafin nan dattawa su samo mai riƙewa. Na kai rabin buhun gero daga wanda muke ci a gida, da kuka da gishiri da dami biyu na itace. Na zaɓi lokacin da babu mutane. Ta gaishe ni da "Yaya Rufa'i" kamar yadda ta saba, sannan ta naɗe hannun riga ta zura har gwiwar hannu, ta ɗebo na ƙasa, ta shinshina. Ba ta yi mini kara ba, kuma daidai ta yi. Na tsaya ina jira har sai da na ga ta kai ƙwayar baki ta tauna.

Ya Allah, ga baiwarka Atu 'yar Malami ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Yadda ta tsare cikin bayinka daga abin da zai cutar da su, ka tsare ta daga azaba. Yadda ta rufa asirin waɗanda ba su cancanta ba, har da ni, ka rufa mata nata ranar da za a buɗe na kowa. Ka ciyar da ita daga abincin Aljanna, ka haɗa ta da aminiyarta Sharifa a can.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Nasiruddeen da Nasiha da jikokinta, da dangi na Tambuwal da Sanyinna da Dogon Daji, da 'yan'uwanmu na wajen Kebbe da Fakku waɗanda suka ci daga hannunta ba su taɓa kwana da ciwon ciki ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya mayar da su garuruwansu lafiya. Su nake roƙo su yafe mini, don su na nufa da waken. Ita kuwa ban samu na roƙe ta ba, sai dai in roƙi Allah ya isar mata.

Rufa'i Gazali, Tambuwal