Ranar da Inna Ta Kama Sunan Babanmu

Wata Laraba ce da kaka, shekarar da na shiga aji huɗu a firamaren Wurma. Na dawo daga makaranta na tarar da Inna, kakarmu ta wajen uba, a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa, tana tara ɓawon a ƙwarya, ƙwayar kuma tana watsa wa kaji. Ni kuwa da bakina da ba ya shiru, na hau yi mata tsiya. Ba ta rama ba, ita da kullum sai ta ce kaina kamar tulu. Sai ta ɗago ta dubi ƙofar zaure ta ƙwala kira, "Iliya! Iliya!" Ummanmu da ke daka ta tsaya da taɓarya a hannu.

Iliya sunan Babanmu ne, kuma shi ne ɗanta na fari. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, abin kunya ne. Tun da na yi wayo "mai gidan nan" take ce masa, ko ta aike ni, "Je ki ce wa wancan tuwo na hucewa." Ko labarin annabawa take ba mu, in an zo kan mai sunan tsallakewa take yi. Mutum ya yi furfura bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, sai ran nan.

Baba ya shigo da sauri, da ƙurar gona a ƙafarsa, ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, ga ni." Ta ƙare masa kallo, ta gyara mayafi, ta gaishe shi kamar baƙo. Ta ce don Allah Malam ya duba mata yaronta a bakin rafi, ya tafi kiwo tun safe bai ci komai ba.

Shekara biyu ta yi tana wannan cigiya. Kullum bayan la'asar Baba zai zauna kusa da ita yana jero mata sunayen gonakinmu da na danginta na Kurfi, ko Allah zai sa ta gane shi. Waƙoƙin daka na ƙuruciyarta ko ɗaya bai ɓace mata ba, amma shi har ta rasu Malam baƙo ne. Wallahi ya ba ni tausayi.

Yau ina Dutsin-Ma ni kaɗai, na ajiye aikin koyarwa, yara sun watse garuruwa. Sai in shiga ɗaki in tsaya, na manta abin da ya kawo ni. Babban ɗana yakan bugo waya duk Juma'a. Wancan satin na yi niyyar in kira shi da sunansa tun ina sane da mai shi. Na buɗe baki, kunya ta hana ni, na ɓige da tambayar lafiyar jikoki. Ban san Juma'a nawa ta rage mini ba.