Yadda Ɗalha Mai Wankin Hula Ya Shiga Littafi

Duk mai bi ta Ƙofar Wambai a shekarun nan ya san rumfar Malam Ɗalha mai wankin hula, can kusa da masu sayar da robobi. Haifaffen unguwar Sheshe ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, kuma tun yana saurayi hannunsa ke cikin kumfa. Bokonsa bai wuce firamare ba, amma da wuya littafin Hausa ya fito a Kano bai karanta shi ba. In ya gama wanki ya jera huluna a kan katako suna shan rana, sai ya jingina da bango ya buɗe littafi, fensir a hannu. Inda ya ga kuskure ya ja layi. Inda abu ya yi masa daɗi kuwa ya ƙyalƙyale da dariya shi kaɗai, har maƙwabta su leƙo.

A hankali marubuta suka gano shi. Su kawo hula, su kawo rubutun da ba a buga ba, su zauna a benci ya faɗa musu gaskiya yana goga buroshi. Wanda ya fi kowa zama a bencin nan shi ne Musbahu, malamin sakandare da ke zaune a Goron Dutse, mai littattafai huɗu. Tare suka yi makarantar allo, shi ya sa babu “Malam” a tsakaninsu.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, wato 1999, baki ya buɗe, kowa na son a ji ra'ayinsa. Wasu marubuta suka fara buga 'yar mujalla, wata marubuciya Hajiya Na'ima ce ke tace ta. Ita ta tsaya a rumfar wata ranar Talata ta ce, “Malam Ɗalha, abin da kake faɗa mana a nan iska ke kwashewa. Ka zuba mana shi a takarda mana.”

Da littafinta ya fara. Ta mayar masa da martani shafi shida, sannan ta aiko masa da dambun nama. Ya ce a ransa, ashe abin ba wuya.

Sai ya juya kan sabon littafin Musbahu, na huɗun. Ya yabi Hausarsa, ya ce tsaf take. Amma ya ce mutanen littafin ba sa jin yunwa, ba sa tari, ba sa zuwa aiki, kuma kowa cikinsu, har mai shayi, magana yake kamar mai karanta labaran rediyo. Ya ƙara da cewa jarumin ya taka daga Goron Dutse zuwa Wambai cikin minti biyar, don haka yana roƙon a nuna masa wannan hanya, shi ma ya huta.

Washegarin fitowar mujallar, da hantsi, sai ga Musbahu a kan babur, ko sallama bai ƙarasa ba.

“Ɗalha, ni za ka yi wa haka a bainar jama'a?”

“Ai duk na faɗa maka a nan bencin, ka ce ka ji.”

“Na benci daban, na takarda daban! Ɗalibaina har tambayata suke ina hanyar minti biyar. Ba ni hulunana.”

“Ba su bushe ba.”

“Ba ni su haka.”

Ya zuba su jiƙe a leda ya yi gaba. Wata bakwai bai sake tako rumfar ba. In sun haɗu a ɗaurin aure sai gaisuwa daga nesa. Abin ya dami Ɗalha fiye da yadda ya nuna. Sau biyu yana kama hanyar Goron Dutse yana juyowa, don bai san da me zai ba da haƙuri ba, tunda har lokacin yana ganin gaskiya ya faɗa.

Matarsa Mero ce ta fara jin labarin. Ta dawo daga gidan suna ranta a ɓace, ta ajiye mayafi ta ce, “Malam, abokinka ya saka ka a littafi. Mata sai kallona suke suna ƙunshe dariya.”

Ya nemo littafin ya zauna. Ga shi nan kuwa: wani Ɗalhatu mai wankin hula, gajere, mai baki kamar reza, wanda ko zakara ya yi cara sai ya ce bai ja ƙarshen daidai ba. Yana sakace da tsinken tsintsiya, yana cin gurasa da hannu mai kumfa, yana gyara wa mai unguwa Hausa a tsakiyar sulhu. Ɗalha ya karanta shafi uku fuska a murtuke. A na huɗu dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da riƙe ciki.

Sharhin da ya rubuta gajere ne. Ya ce a duk littattafan Musbahu biyar, wannan Ɗalhatu ne mutum na farko mai numfashi. Ya ce haushi ya sa marubucin ya buɗe ido ya kalli mutum sosai, tun daga tafiyarsa har yadda yake tauna, kuma in haka ne, Allah Ya ƙaro masu ba shi haushi. Kuskure ɗaya ya ja wa layi: ba a shanya hular zanna a kife.

Musbahu ya zo da mujallar a naɗe a hannu, ya tsaya bakin rumfa yana hararar ƙasa.

“Wato zagin ma sai ka gyara min shi?”

“Zagi mai kyau ne, shi ya sa. Zauna mana, rana na dukanka.”

Ya zauna. Suka aika aka kawo gurasa, suka ci, ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri. Kafin la'asar Musbahu ya zaro wasu takardu daga jaka, wai ci gaban labarin ne, masu karatu sun matsa masa sai ya dawo da Ɗalhatu, har ma zai yi masa mata.

Da Mero ta ji haka, sai ta sa mayafi ta tafi Goron Dutse da kanta, wajen Baraka matar Musbahu. Ta ce a gaya wa Malam Musbahu ba ta hana shi ba, amma matar Ɗalhatu ta zama doguwa, ta iya miyar taushe, kuma a bar mata magana ta ƙarshe a kowace gardama. Musbahu ya cika duka ukun, ya ma sa mata haƙorin makka.