Ruwan Gidan Inna

Jiya a unguwar Lamorde, ƙanwar mahaifiyata ta miƙo mini ruwan sanyi, na ce ba zan sha ba.

"Ɗana, laifin me muka yi maka?"

"Inna, gishirin jinina ne ya yi ƙasa. Likita ya ƙayyade mini ruwa, gora ɗaya a wuni."

"Da wannan zafin? Me ya kawo shi?"

"Ana ta bincike. Ko maganin hawan jini ne, ko ƙoda."

Ta ajiye kofin, amma na ga ba ta yarda ba.

Shekara biyu ina wannan bayani gida-gida, har na gaji na rage zumunci. Na koma gidana a Bobiel, daga ni sai gorata.

Ku masu ciwon da ido ba ya gani, yaya kuke yi da dangi?